Masu Kunne Sun Kusa Ƙarewa a Kasuwar IBB ta Suleja

Duk wanda ya daɗe bai shiga kasuwar IBB ta Suleja ba, ranar da ya koma kunnensa ne zai fara ba shi labarin abin da ya canja. Tun daga bakin ƙofa hayaniyar MP ce ke tarbar mutum. Yaro ya jera su a baro, fitilu ja da kore suna walƙiya, wannan na wa'azi, wancan na waƙar fim, na gefe na kiɗan Legas, duk a lokaci guda, duk an ƙure musu murya har suna shaƙewa. Ka kutsa ɓangaren masu kayan lantarki, kwalaye ne har rufi, wufa a kan wufa, kowane kwali an danƙara masa lamba: wat 5,000, wat 10,000. Ni da na tashi a garin nan na san lokacin da ba da ƙara ake tallar kayan sauti ba. Mai shago kan sa kaset guda, ya rage murya, ya turo maka benci ya ce ka zauna ka ji.

Akwai dalilin da ya sa kayan sauti na ƙwarai suka taru a Suleja. A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni, garinmu ya ba da sunansa na Abuja, aka koma kiran sa da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kafin birnin ya tashi, a nan hukumar gina shi ta fara yada zango, shi ya sa har yau muke da unguwar Field Base. Injiniyoyi da akawuna da 'yan kwangila suka cika gari. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji bai daɗe da shiga aljihun ma'aikata ba, naira kuma ta fi dala ƙarfi. Ma'aikacin da ya kama gida, bayan gado da kujeru, sai ya nemi Sansui ko Pioneer ko Kenwood ko Technics, da sifika biyu masu kai wa mutum ƙugu, a kafa su a falo a lulluɓe da ƙyalle mai ado. Daga cikinsu muka fara jin Shata da Ɗanƙwairo, daga cikinsu ake sauraron tafsirin Malam Abubakar Gumi da azumi.

Irin wannan Sansui ɗin ne mahaifina ya bari, mai wat 40 a kowane ɓangare. Amfilifayar tana nan garau, amma sifikunta ruwan damina ya shiga ɗaki ya kumbura katakonsu. Na bi layin kayan lantarki shago-shago ina neman madadinsu, kowa sai ya nuna mini kwali mai fitilu. Wani yaro mai sayar da caja ne ya ce, "Oga, wuce can ƙarshe wajen Baba mai gyara. Shi kaɗai ke taɓa irin waɗannan."

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, rabinsa ma an ba mai liƙa gilashin waya haya. Baba na zaune a bayan tebur, tabarau a kan hanci, warin dalma ya cika wurin. A bayansa rediyoyin National da rakodojin Sharp ne jere, wasu masu su sun rasu ba a zo karɓa ba. Muka gaisa, na sauke kaya na faɗi buƙatata. Ya shafa fuskar amfilifayar da tafin hannu, ya murɗa maɓallin murya a hankali yana sauraron motsinsa, sannan ya ɗago.

"Ɗana, amfilifaya da sifika aure ne. Sai an duba lafiyar ango kafin a tafi neman amarya."

Bai haɗa ta da wuta ba sai da ya juya bayanta ya karanta. Ya ce rabin tsofaffin kayan da ke mutuwa a hannun mutane a nan suke mutuwa: kayan da aka yi don Japan na cin wuta 100, na Amurka 120, tamu kuwa 230 ce, in ka cusa ba tiransifomar rage wuta sai hayaƙi. Tawa ta Nijeriya ce tun asali. Ya kunna, ya ɗora mita a bakin da ake ɗaura wayar sifika, ya jira allurar ta kwanta. Ya ce tsohuwar amfilifaya kan yi yoyon wuta ta nan ba tare da ka ji komai ba, ka ɗaura mata sifika mai tsada ta dafa naɗin wayar cikinta. Ya busa ƙurar hunturu da ta maƙale, ya ɗiga mai a maɓallan, ya ce lafiya lau, mu tafi.

Muna tafe yana karantar da ni. Abu na farko om ne, wato yawan turjiyar da sifika ke yi wa wuta. Yawancin kayan wancan zamani an yi su ne don om 8, wasu su jure 4. Abin da ke halaka su shi ne maɓallin nan da ke ba ka damar kunna sifika huɗu tare. Biyu masu om 8 a ɓangare guda sun koma 4, ana iya lallaɓawa. Biyu masu om 4 kuwa sun koma 2, nan da nan bayan amfilifaya ya ɗau zafi, tiransistocin ƙarshe su ƙone, kuma irinsu na asali an daina yi tuntuni. Ya nuna mini wasu manyan akwatuna da kafintoci suka haɗa, an lulluɓe da baƙin kafet. "Ka ga waɗannan? Sifikar mota ce a ciki, om 4. Su suka fi kawo mini gawa."

Abu na biyu, wanda ya ce ba mai tambaya, shi ne saurin amsawar sifika. Wata da wat ɗaya tal za ta cika ɗaki, wata sai an yi mata dole. Ana auna shi da desibel a nisan mita guda, kuma duk bambancin desibel 3 ninkin ƙarfi ne. Ƙarar da mai 91 za ta ba ka da wat 20, mai 88 sai da 40, mai 85 sai da 80. Don haka amfilifaya mai wat 40 ba ta buƙatar sifikar da aka rubuta wa dubbai, tana buƙatar mai sauƙin kai. Na nuna masa kwalin da ke cewa wat 10,000. Ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ajiye. Ya ce in ɗaga tawa in ji, nauyin tagullar cikinta ne ke faɗin gaskiya. Kuma da gaskiyarsa. Tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tilasta wa masu sayar da amfilifaya su faɗi ƙarfin da kayansu ke iya riƙewa a ɗore, shi ya sa 40 ɗin da ke jikin kayan wancan zamani 40 ce ta haƙiƙa. Lambar da ke jikin kwalayen yau, wadda ake kira PMPO, ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa.

Muka tsaya a shagon wani ɗan ƙabilar Ibo da ke kawo tokunbo daga kasuwar Alaba ta Legas, haifaffen Suleja, Hausa a bakinsa tas. Yana ganin Baba ya miƙe ya ba shi kujera. A ƙuryar shago, bayan tulin tsofaffin talabijin, aka jawo mana kaya uku: Wharfedale 'yar Ingila, wata Technics, da Sansui mai ragar katako a fuska, irin wadda na sani tun ina yaro.

Baba ya cire fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Technics ɗin ya taɓa soson da ke zagaye da bakinta, ya marmashe a yatsansa. Ya ce ana iya sake mata, amma a cire kuɗin aikin daga farashi. Wharfedale ya ɗora yatsu huɗu ya danna takardarta a hankali, ya kara kunne, ya ji naɗin waya yana gogar maganaɗisu, ya girgiza kai. Sansui ɗin bakinta na ƙyalle ne, shekaru ba su ci shi ba. Mita ta nuna 6 da 'yan kai, ya ce haka mai om 8 ke nunawa. Ya zaro batirin tocila daga aljihu ya taɓa wayoyin, takardar ta yi tsalle waje, ya tabbatar ja na ja ne, baƙi na baƙi, domin in aka juya waya a ɗaya daga cikin biyun sai kaurin sauti ya ɓace, mutum ya yi ta zargin kaya. Ya kara kunne a kan tuwita, ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, ya ce ita ce ke fara ƙonewa in aka ƙure wa ƙaramar amfilifaya murya har sautin ya fara tsagewa.

Sannan aka zo gwaji, wanda shi ne ainihin sana'arsa. Kaset uku yake yawo da su. Ya fara sa ƙira'ar Abdulbasit, ya ce muryar mutum ba ta ɓoye aibin sifika, in tana da hanci ko ƙirji ya yi mata yawa nan take za a ji. Ya sa Ɗan Maraya Jos, don a ji ko tsirkiyar kuntigi za ta fito siririya ba ta soki kunne ba. Ya rufe da Shata. Ya ce kalangu ne alƙali: wufar zamani duka kawai take ji, amma kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka yadda makaɗi ke matsa shi a hammata, sifikar da ba ta bi wannan hawa da sauka ba ba ta san aikinta ba. Maɓallin murya bai wuce kwata ba, amma sai da masu shagunan gefe suka leƙo.

"Nawa ne, maigida?" na tambaya.

"Don Baba, dubu ɗari da hamsin."

"Haba! Kayan da suka girme ka? Na saya saba'in."

"Albarka, Alhaji. Kuɗin mota daga Legas kaɗai ka san nawa ne yanzu? Kawo ɗari da talatin."

Baba ya juya ɗaya daga cikin akwatunan ya nuna kusurwar da ta ɗan buɗe, bai ce uffan ba. Na ce tamanin. Mai kaya ya rantse ko uwar kuɗi bai kai ba, ya ce 'yan Abuja na zuwa neman irinsu ba sa ko tayawa. Na ce to ga su nan shekara nawa suna shan ƙura 'yan Abujan ba su zo ba. Aka yi dariya, ya sauko ɗari da goma. Na miƙe na kama amfilifayata, ya riƙo hannuna. A casa'in da biyar ya sallama, da gyaran waya mai kauri yadi goma. Na ce Allah ya ba da riba, ya ce Allah ya sa a ji daɗinsu. Na miƙa wa Baba la'ada, ya cire kuɗin aikinsa na duba amfilifaya ya maido mini da saura.

Mai kayan bai yi ƙarya a kan tsada ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, komai na wannan layi kuwa da dala ake sayo shi, daga dalma har ƙaramin kafasita. Baba ya ce wuni guda yakan wuce bai narka dalma ba don babu wuta, in ya ta da janareta kuɗin mai ya cinye kuɗin aiki, in kuma an kawo wutar takan zo da ƙarfin da zai kashe abin da ya gama gyarawa. Masu rasit kuwa ba sa fashi. Yau na shara, gobe na tsaro, jibi na allon shago, alhali kwatar da ke bayan layin a toshe take tun bara. Kuɗin haya ne ya sa ya raba shagonsa biyu.

Amma abin da ya fi ci masa rai 'yan gwangwan ne. Magada su share ɗakin uba, su kira mai baro, a ɗora Pioneer a sikeli a saye ta da kilo, a fasa ta da guduma don tagullar tiransifoma, a ɓalle maganaɗisun sifika a jefar da akwatin. Abin da ya yi shekara arba'in yana aiki, kuma zai iya ƙara ashirin da gyaran da bai taka kara ya karya ba, ya tafi a kuɗin katin waya. A madadinsa a sayo MP da ba a yi ta don a gyara ba, batirinta ya kumbura kafin shekara ta zagayo, a sake sayen wata. Araha ba ta ado.

Ba shi da yaro ko ɗaya a shagon. Waɗanda aka kawo masa duk sun koma gyaran waya, can ne kuɗin yau yake, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai mai canja gilashin waya bai san dalilin da ya sa om 2 ke ƙona tiransista ba, wanda ya san wannan kuwa zai iya gyara lasifikar masallaci, da injin sola, da na'urar makaranta. Suleja gari ne da ya taɓa sanin darajar aikin hannu. A nan Ladi Kwali ta yi tukwanen da suka kai hotonta jikin naira 20. Bai kamata a ce garin nan ya kasa ba dattawa irin Baba rumfa mai wuta tsayayya da haya mai sauƙi ba, ko makarantun koyon sana'a su kasa turo musu ɗalibai suna biyan su ladan koyarwa.

Kafin hukuma ta farka, akwai abin da ke hannunmu. Wanda duk yake da tsohuwar amfilifaya a ƙarƙashin gado, kada ya kira mai baro. Ya ɗauke ta ya kai ƙarshen layin kayan lantarki, a duba wutarta, a auna ta, a nema mata sifika daidai ƙarfinta, ya biya kuɗin aiki ba tare da ƙwauro ba. In yana da ɗa mai son taɓa waya da sukurudireba, ya tafi da shi.