Hoto a Waya ko Bakin Tsohuwa: Wa Ya Fi Sanin Kayan Da?

Duk lokacin da aka rushe tsohon gida a birni, ko aka buɗe adakar kaka bayan rasuwarta, sai an ci karo da abin da babu wanda ya san sunansa cikin masu rabon gado. Wani ɗan dunƙulen yumɓu mai huji a tsakiya, wata doguwar ƙwarya mai kama da hannun riga, wata tsabar kuɗi mai hoton wata Baturiya mai ƙiba. A da, sai a ce a kai wa Iya ko Baba tsoho su duba. Yanzu kuwa waya ake zarowa, a ɗauki hoto, a miƙa wa Google Lens, ko a watsa a Facebook ana tambayar jama'a ko akwai wanda ya sani. Hanyoyin nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da yake tambaya ɗaya ake yi musu.

A fara da inda waya ta yi zarra, domin ta yi ɗin. Duk abin da aka ƙera a masana'anta, aka buga masa hatimi ko rubutu, na'ura ta fi kowane tsoho saurin gane shi. Google Lens, wanda aka fito da shi a 2017, kwatanta hotonka yake yi da ɗimbin hotunan da ke intanet, ya kawo maka masu kama da shi. Nuna masa kwabo mai huji, mai tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, nan take zai kai ka ga kuɗin da Turawan Ingila suka buga wa Afirka ta Yamma, ya gaya maka cewa an soma buga anini tun 1907, kuma da farko da alminiyom aka yi shi. Tsohon da ya kashe irin kuɗin zai iya gaya maka abin da kwabo ɗaya yake saye a kasuwar Kurmi kafin zuwan naira a 1973, amma da wuya ya san shekarar da aka fara bugawa ko ƙarfen da aka yi shi da shi. Haka batun yake ga tsohon keken ɗinki na Singer, da fitilar ƙwai, da dutsen guga na gawayi, da lambar yabon soja da wani kaka ya dawo da ita daga yaƙin Bama.

Sai dai ko a nan ɗin akwai tarko, kuma liyari ne ya fi nuna shi. Wannan kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya, mai hoton Sarauniya Mariya Tareza, ya zaga kasuwannin ƙasar Hausa da Borno tun kafin zuwan Turawan mulki. Lokacin da wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ana canza guda ɗaya a kan wuri kamar 2,500. Maƙeran fari kan narka shi su yi wa mata awarwaro da zobe. Wanda ya tsinci guda a adaka ya ɗauki hotonsa zai ga 1780 a jiki, zuciyarsa ta buga, ya ɗauka ya sami dukiyar da ta haura shekara ɗari biyu. To, 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma da wannan lambar aka ci gaba da buga kuɗin har cikin ƙarni na 20, a Biyana da Landan da Bombay da wasu biranen, saboda 'yan kasuwar Afirka da Larabawa ba sa yarda da wanda ya saɓa wa wanda suka saba gani. Hoto ba zai faɗi nauyinsa ba, alhali na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya. Ba zai faɗi amonsa ba idan aka jefa shi a kan dutse. Tsohon maƙerin azurfa da bai taɓa jin sunan Ostiriya ba zai ɗauka a tafin hannu, ya ɗan kaɗa, ya ce maka wannan na kirki ne ko jabu.

Da zarar an bar kayan masana'anta aka shiga ɗakin mata, sai waya ta fara inda-inda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ba ta san komai ba sai abin da wani ya riga ya ɗauka ya saka a intanet da suna a ƙarƙashinsa, kayan gidan Bahaushe kuwa kaɗan ne suka sami wannan gata. Ɗan dunƙulen yumɓun nan mai huji, na'ura za ta iya ce masa dutsen ado, domin a hoto da shi ya yi kama. Tsohuwa da ta yi kaɗi a ƙuruciyarta kallo ɗaya za ta yi masa ta ce gululu ne, na jikin mazari, shi ke ba shi nauyin da zai juya ya murɗe zare. Kuma ba za ta tsaya nan ba. Za ta kawo maka zancen gurzar auduga a raba ta da angurya, da shiɓa da ɗan baka, da allin da ake shafa wa yatsu don kada su yi santsi, da yadda ake tara zaren a kai wa masaƙa. Tambaya ɗaya ka yi, ka tashi da sana'a sukutum. Doguwar ƙwaryar nan ma haka: za a iya ce maka kayan kiɗa ce ko gorar ruwa, alhali zunguru ne, wanda mace ke zura hannu a ciki bayan ta ƙunsa lalle don kada ya zube kafin ya kama. Tandu, ƙahon wanzami, maburgi, akushi, duk a wannan sahu suke.

Ni a ganina nan ne bambancin ya fi nauyi. Na'ura tana neman abin da ya yi kama da abinka. Tsohuwa tana tuna abin da hannunta ya yi da shi. Kuma ita takan mayar maka da tambaya, abin da waya ba ta yi: a ina kuka same shi? Ɗakin wa? Da me da me aka haɗa shi? Sau da yawa amsar tana cikin waɗannan tambayoyin, ba a jikin abin ba.

Amma kada son tsofaffi ya rufe mana ido. Bakin mutum yana da nasa raunin, musamman a kan shekaru. "Tun zamanin Shehu" na iya nufin shekara ɗari biyu, na iya nufin tamanin. Kowane tsohon takobi a gidan sarauta sai an ce ya je yaƙi, kowace tsohuwar rijiya sai an laƙaba mata waliyyi ko aljani. A kan tsofaffin hotunan gari kuwa abin ya fi muni idan aka watsa su ga taron Facebook, inda kowa malami ne. Ƙofar gari ta ƙasa mai zankwaye, wani ya rantse ta Kano ce, wani ya ce Zazzau, wani ya ce Damagaram, kuma wanda ya fi yawan mabiya shi ke cin gardama. A irin wannan, neman asalin hoton ta na'ura yakan raba faɗa, idan ta kai ka ga littafin ko ma'ajiyar da aka fara ciro shi, da rubutun da mai ɗaukar ya yi a ƙasansa. Wani lokaci kuma abin da ke cikin hoton ne ke yanke hukunci: in ka hango layin dogo a bayan dalar gyaɗa, ka san ba a ɗauke shi kafin 1911 ba, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin su biyun. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Babu tsohon da ya san masu yin sa. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanci ilimin tono kayan tarihi, wani kan da aka samo a wajen garin Jama'a, wanda wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa a gonarsa ta doya yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya lura yana kama da wancan na farko, wato ya yi da idonsa irin aikin da na'ura ke yi yanzu. Kamannin ya nuna masa cewa hannun al'umma ɗaya ne, amma bai gaya masa ko su wane ne ba, ko yaushe suka rayu. Sai da aka yi tono a tsanake a wurare irin su Taruga a shekarun 1960, aka sami matoyar narkar da tama, aka auna shekarun gawayin da ke tare da su, sannan aka tabbatar cewa mutanen sun rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Binciken da jami'ar Frankfurt ta fara a 2005 ya ƙara tura farkonsu baya zuwa wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙasar da abin yake kwance a ciki ita ta ba da shaida. Shi ya sa ɓarayin da ke haƙe gumakan Nok suna sayarwa a Turai suke yin ɓarna biyu, domin gunkin da aka cire daga raminsa ba tare da an rubuta komai ba, ko an ɗauke shi hoto dubu, rabin labarinsa ya tafi.

Idan aka tilasta mini zaɓi a kan kayan cikin gida, wajen tsohuwa zan fara zuwa, kuma da abin a hannu zan je, domin idonta ba ya son gilashin waya, yatsunta ne ke ganewa. Wayar sai ta yi aikin naɗar muryarta. In abin mai hatimi ne, ko ita ta ce ba ta san shi ba, sai a ɗauke shi gaba da baya, a ajiye kwalin ashana a gefensa don a san girmansa, a rubuta inda aka same shi. Wanda duk ya gagara, akwai ma'aikata a Gidan Makama a Kano da gidan tarihi na Jos, wanda Fagg ɗin ya buɗe a 1952, da suka saba karɓar irin wannan tambaya.