Wuya Ya Sanƙare, Amma Babu Zazzaɓi

Mu ƙaddara wani gida. Uwa ta rasu a Jega. Bayan shekaru ɗanta manomin albasa ya yanke jiki ya faɗi a Aliero, sai kuma 'yarta da ke aure a Maiyama. Babu wanda ya kai sittin, kuma kukansu ɗaya: "Kaina zai tsage!" Sai amai, sai wuya ya sanƙare.

Wuyan nan shi ke ruɗa mutane. A watan Maris na 2025 hukuma ta sanar da mutuwar mutum 26 a Gwandu, Jega da Aliero sakamakon sanƙarau, don haka duk wanda wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa an gama yanke masa hukunci. To amma sanƙarau da zazzaɓi yake zuwa, ya fi bin lokacin ƙura da zafi, kuma yakan tsallaka zuwa maƙwabta. Mutanen gidan nan kuwa jikinsu bai yi zafi ba, ciwon ma lokaci guda ya sauko.

Ruwan sha? Gari uku, rijiya uku. Jifa? Dangi sun fi son wannan, don yana ba su wanda za su zarga. Jini kaɗai ya haɗa mamatan.

A gindin ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyin jini ke rabuwa, bangon jijiya kan yi rauni ya bunƙuro kamar tsohon tiyub na keke. Kusan 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da wannan kumburi, yawanci har tsufa bai fashe ba. Ran da ya fashe, jini ya malala cikin mayafin ƙwaƙwalwa, daidai inda sanƙarau ke kamawa. Ga dalilin wuya.

Raunin yakan bi gida, musamman gidan da ake gadon ciwon ƙoda mai ƙululun ruwa. Hawan jini da sigari suna ƙara masa ƙaimi. Shi ya sa likitoci ke cewa duk wanda mutum biyu cikin iyayensa, 'ya'yansa ko waɗanda suke ciki ɗaya suka samu wannan, a ɗauki hoton jijiyoyin kansa da MRI ko CT tun yana lafiya lau.

Idan akwai ƙanin da ya rage a gidan, hanyarsa Sakkwato ce, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. Idan hoto ya nuna kumburi, ƙarami akan sa masa ido, mai haɗari kuma a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe ko a toshe shi ta cikin jijiya.