Gidajen Gwamnati a Gashua da Nguru: Ina Gaskiyar Jita-jitar?

Tun ambaliyar 2022, da Kogin Yobe ya cinye gidaje a Gashua iyalai suka koma kwana a azuzuwan makarantu, zancen gida bai bar bakin mutane ba. Abin takaici, da yawa daga cikinsa jita-jita ce.

Wai gidajen da gwamnati ke ginawa kyauta za a raba su ga waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu. Ba haka ba ne. Gidaje 3,600 da gwamnatin Mai Mala Buni ta ƙulla yarjejeniyar ginawa da Family Homes Funds a 2019 gidaje ne masu sauƙin kuɗi, kuma mai sauƙi ma biyansa ake yi. Tabarma, bargo da hatsin da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ke kaiwa bayan ambaliya agaji ne na gaggawa, ba muhalli ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka sunanka a jerin masu samun gida kyauta, ka riƙe aljihunka.

Wai kuma asusun gidaje na ƙasa, NHF, na ma'aikatan gwamnati ne kaɗai. Wannan ma kuskure ne. Dokar 1992 ta ɗora wa mai albashi zuba kashi 2.5 cikin ɗari, amma ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu suna iya shiga. Inda masu ƙorafi suke da gaskiya shi ne batun kuɗin ruwa: rancen Bankin FMBN, mai kula da asusun, yana da ruwa kashi 6, kuma wannan yana hana Musulmi da yawa kusantarsa. Ga kuma neman takardar mallakar fili, wadda masuncin Nguru ko manomin shinkafa a Bade ba kasafai yake da ita ba.

Masu cewa sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa ne ke rushe mana gidaje sun faɗi rabi. Sauran rabin yana nan gida: ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja zuwa Nguru, ga ginin laka a kwari babu magudana.

Maganar da na fi so a saurara ita ce ta masu cewa gini kaɗai bai isa ba. Finlan ta rage masu kwana a titi tun 2008 ta hanyar ba mutum gida tukuna, sannan a bi shi da magani da neman aiki. A nan ma, in aka kai masunci rukunin gidaje nesa da tafki, babu rijiyar burtsatse, babu asibiti, kafin damina biyu zai sayar ya koma bakin ruwa.