Takardar neman aikin likita: abin da hannu ya iya ya kamata ya fito

A Gidan Amumune da ƙauyukan gundumar Mayahi, duk wanda ya sa farar riga yana allura, likita ake ce masa. Amma kafin ya sa rigar, sai ya ratsa wani tudu da makaranta ba ta koyarwa sosai: haɗa dosiye.

Rabin dosiyen kowa ya san shi. Takardar roƙo da rubutun hannu, takardar haihuwa, shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta mutum ba, wadda galibi ake so kada ta wuce wata 3, kwafin difloma mai hatimin hukuma, sau da yawa har da katin ANPE, hukumar samar da aikin yi. Wannan aikin ƙafa ne da kuɗin tambur. Inda matasa ke zubar da damarsu shi ne wurin CV da wasiƙar da ke rakiyarsa.

Faransanci ake rubutawa, ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Sai yaro ya nufi mai kwamfuta a Tasawa ko Maradi, a buɗe masa tsohuwar takardar wani, a goge suna a sa nasa. Kowa ya zama mai himma, mai ladabi, mai son aiki da jama'a. Mai tantancewa ya karanta irinta tuli, idonsa ya daina ganinta.

Abin da yake nema daban ne. Wanda ya fito ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram, ko wata makarantar kuɗi, ya yi zaman koyon aiki a CSI, wato ƙaramin asibiti, ya faɗi wace CSI ce, daga wane wata zuwa wane wata, ƙarƙashin wane majo, wato shugaban CSI ɗin. Ya faɗi abin da hannunsa ya taɓa: gwajin agajeri da ɗigon jini daga yatsa, rigakafin yara, awon ciki, sa ƙarin ruwa a jijiyar jariri, cika rajista da rahoton ƙarshen wata. Ya faɗi cewa ya iya ɗaura ma'aunin damtse, ya san in ya sauka ƙasa da milimita 115, cikin jan layi, tamowa ta yi tsanani, ya kuma san yaron da za a ba biskit na tamowa ya koma gida da wanda za a tura CRENI, inda ake kwantar da masu tsananin tamowa. Tun yunwar 2005 wannan ilimi ke da daraja a jihar Maradi. Wanda ya shiga rabon maganin rigakafin agajeri gida-gida da damina ma kada ya raina shi; aiki ne, a rubuta.

A ganina, layin harsuna da ake jefawa can ƙasan CV ya cancanci hawa sama. Likitan da zai fahimtar da uwa yadda ake dama ruwan gishiri da sukari da Hausar gidansu ya fi mai dogon Faransanci amfani a ƙauye. In da Fillanci ko harshen Buzaye, ƙari ne babba.

Wasiƙar kuwa shafi guda ya isa. Ta ambaci gurbin da ake nema, ta kawo dalili biyu daga aikin da aka yi, sannan ta amsa tambayar da ke zuciyar babban likitan gunduma: za ka zauna, ko wata 6 ka fara neman canji zuwa birni? Ɗan yankin da ya saba da rairayin hanya da amalanke yana da amsa, ya faɗe ta fili.

Ƙarya dai kada a kusance ta. Ranar gwaji, jijiya ɗaya za ta tona asiri. Manyan majo-majo kuma, don Allah ku riƙa ba yaran da suka yi aiki hannunku takardar shaida mai sa hannu da hatimi kafin su tafi.