Allon siketbod: na katako da na haɗin zare

Allon siketbod shi ne faffaɗan ɓangaren da ɗan wasa ke tsayawa a kai a wasan zamiya na kan tayoyi. A ƙarƙashinsa ake ɗaure ƙarafa biyu masu riƙe da tayoyi huɗu, a samansa kuma a manna takarda mai kaushi irin sanfefa domin kada takalmi ya zame. Allon wasan titi yawanci faɗinsa inci 7.5 zuwa 8.75 ne, tsawonsa inci 31 zuwa 33, kaurinsa kuma kimanin santimita 1. Gabansa ana kiransa hanci, bayansa wutsiya, dukansu biyu a ɗage suke sama. Hanyoyin ƙera shi manya guda biyu ne: ta gargajiya, wadda ake manne falle bakwai na katako, da ta haɗi, wadda ake haɗa katako da zaren gilashi ko zaren kabon.

Tarihi

Wasan ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a wajajen shekarun 1950, a hannun masu hawa igiyar ruwan teku. Allunan farko guntun katako ne miƙaƙƙe da aka kafa wa tayoyin takalmin zamiya. A shekarar 1964 kamfanin Gordon & Smith na birnin San Diego ya fitar da allon Fibreflex, wanda aka haɗa katako da zaren gilashi irin wanda ake ƙera baka da shi. Ke nan allon haɗi tsohon abu ne, har ma ya riga allon falle bakwai fitowa. A 1969 Larry Stevenson ya ƙirƙiro wutsiya mai ɗagowa.

A shekarun 1970 an gwada roba, da alminiyom, da zaren gilashi zalla. A tsakiyar shekarun ne wani ɗan Kanada, Willi Winkels, ya shahara da manne fallayen icen mapul, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Abin da ya ƙara wa katako daraja shi ne tsallen da ake kira oli, wanda Alan Gelfand ya yi suna da shi a ƙarshen shekarun 1970, Rodney Mullen kuma ya mayar da shi kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980. A wannan tsalle ɗan wasa yakan buga wutsiya da ƙasa allon ya tashi sama, don haka ana bukatar allo mai tauri wanda ke mayar da bugu nan take.

Allon katako

Icen da aka fi amfani da shi shi ne mapul mai tauri, wanda sunansa na kimiyya Acer saccharum. Yana fitowa a arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada, inda tsananin sanyi ke sa ya girma a hankali, namansa ya cushe. Ana fere gungumen icen a inji ya zama siraran fallaye, kowanne kaurinsa kimanin milimita 1.5 ko ƙasa da haka, sannan a busar da su.

A tsarin da aka saba, falle biyar jijiyarsu na bin tsawon allo, biyu kuma, wato na uku da na biyar, a gicciye suke. Masu bin tsawo su ke hana allon karyewa a tsakiya, na gicciye kuma su hana shi tsagewa daga hanci zuwa wutsiya. Ana shafa gam tsakanin fallayen, ko dai gam mai ruwa irin na kafintoci ko kuma epoksi, a saka su cikin mazubi, injin matsa ya danne su har su ɗauki lanƙwasar da ake so. Bayan gam ɗin ya kama sai a huda ramukan kusoshi takwas, a yanke siffar allon, a goge gefuna, a shafa fenti, a manna zane a ƙasansa. A yau ana matsa da yawa daga cikin allunan duniya a masana'antun Meziko da ƙasar Sin.

Allon haɗi

A nan ana rage yawan katako a cike gurbinsa da zare mai ƙarfi da aka jiƙa da epoksi. Dalilin hakan yana cikin yadda allo ke lanƙwasa. Idan nauyi ya sauka a tsakiyarsa, fallen ƙasa ne ke miƙewa, na sama ya matse. Idan kuma ɗan wasa ya dira a kan wutsiya, sai lamarin ya juya, saman ne ke miƙewa. Fallayen tsakiya ba su cika shan wahala ba. Zaren gilashi da na kabon suna jure ja fiye da katako nesa ba kusa ba, shi ya sa ake shimfiɗa su kusa da fuskokin allon, inda tsagewa ke farawa.

Allon Flight na kamfanin Powell-Peralta da VX na Santa Cruz duk falle biyar na mapul gare su tare da shimfiɗa biyu ta zare. Kamfanin Almost ya bi wata hanya a allunansa na Impact, inda ake dasa faifan kabon a daidai wurin da ƙarafan taya ke zama. A dogayen alluna na yawo da gangara, kamfanoni irin su Loaded suna haɗa gora da zaren gilashi domin allon ya riƙa lanƙwasa yana dawowa.

Kwatanci

Wajen karyewa allon haɗi ya fi ƙarko. Na katako yakan karye gida biyu kusa da ƙarafan taya idan aka dira ba daidai ba daga matakala, wanda hakan kan jawo rauni. Na haɗi ko da katakonsa ya tsage, sau da yawa zaren kan riƙe shi. Haka kuma ya fi daɗewa da ƙarfin tashinsa, domin katako yana laushi da yawan bugu, yana kuma shan danshi, ruwa na iya sa fallayensa su rabu. Allon haɗi ya fi siranta, sau da yawa kuma ya fi sauƙin nauyi.

Sai dai zare ba ya hana sauɗewa. Duk lokacin da wutsiya ta gogi siminti tana cinyewa, har bakinta ya yi kaifi kamar reza, gefuna kuma su ɓantare idan allon ya bugi bango. Mai yawan wasa a ƙasa mai kaushi zai iya cinye wutsiyar allo mai tsada alhali tsakiyarsa lafiya lau. Idan zaren gilashi ya bayyana a wurin da ya sauɗe, yana soke fata ya sa ƙaiƙayi.

Allon haɗi ya fi tsada, saboda kayan da yawan aikin da ke cikinsa. Mai jiki ko mai tsalle daga wurare masu tsawo, wanda ke yawan karya allo, shi ya fi cin ribarsa. Yaro mai koyo, wanda nauyinsa bai kai ya karya allo ba, na katako ya ishe shi.

Ta fuskar muhalli kowanne da nasa aibin. Mapul yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya isa sara, amma tsohon allon katako ana iya yanka shi a yi kujera ko kayan ado. Zaren da ya haɗe da epoksi kuwa yana da wuyar rabawa a sake sarrafa shi.

Matsayinsu a yau

Har yanzu allon falle bakwai ne ya mamaye kasuwa, kuma shi akasarin ƙwararru ke hawa. Sabo na daga cikin dalilai: ƙafar ɗan wasa ta san lanƙwasar mapul da ƙarar da yake yi idan ya bugi ƙasa, wasu kuma kan ce allon kabon ya cika tauri. Ƙwararru kuma kyauta kamfanoni ke ba su alluna, suna sauyawa akai-akai, don haka ƙarko bai dame su ba kamar yadda ya dami mai saye da kuɗinsa. Akwai kuma batun ciniki, domin ƙananan shagunan siketbod sun dogara ne da masu dawowa sayen sabon allo, ƙwararren da aka buga sunansa a allo kuma yakan samu kaso daga kowanne da aka sayar.