Sabuwar Kwamfuta da Ciwon Jarirai: Abin da Ya Kamata a Sani Game da Garanti

Wani tsohon ɗalibina da ke koyar da kimiyya a wata sakandare a ƙasar Doguwa ya tara kuɗi na tsawon shekara guda, ya shiga birnin Kano ya sayo kwamfutar tafi-da-gidanka sabuwa fil, domin ya riƙa horar da ɗalibansa. Buƙatar a fili take, domin tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma yaron da bai taɓa taɓa madannai ba sai ranar jarrabawa, an riga an cuce shi. Mako biyar da sayenta, allon ya ɗauke. Tambayar da ya aiko mini ita ce: yaya sabon abu zai lalace?

Amsar tana da alaƙa da fannin da nake koyarwa, wato nazarin halittu. Mu ɗauki tarwaɗa a madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji. Uwa ɗaya takan zuba dubban ƙwai, amma akasarin 'ya'yan sukan mutu a makwannin farko. Waɗanda suka tsallake wannan siraɗi sukan daɗe suna rayuwa, sai ɗai-ɗai ke faɗawa hannun masunta, har tsufa ya zo. Injiniyoyi sun lura cewa na'urorin lantarki ma kusan haka suke. Idan aka zana yawan lalacewarsu a kan takardar awo, layin yakan fito da siffar ƙwarya: sama a farko, ƙasa a tsakiya, sannan ya sake hawa a ƙarshe. Har sunan da suka ba matakin farko daga wajenmu suka aro shi, suna kiransa mutuwar jarirai. Bambancin kawai shi ne, 'ya'yan kifi yawanci wasu halittu ne ke cinye su, ita kuwa na'ura da ciwonta ake haifarta tun daga masana'anta.

Ina ciwon yake ɓuya? A cikin kwamfuta akwai dubban mahaɗai ƙanana, waɗanda aka liƙe da narkakken ƙarfe wanda mafi yawansa kuza ce, irin wadda aka daɗe ana haƙa a duwatsun Riruwai. Duk sa'ad da aka kunna na'urar, ƙarfen yakan ɗau zafi ya ɗan buɗe, in an kashe ya huce ya tsuke. Mahaɗin da ya liƙu sosai zai jure wannan shekara da shekaru. Wanda kuwa aka bar shi da 'yar tsaga da ido ba ya gani, buɗewa da tsukewar nan za su yi ta faɗaɗa tsagar har wuta ta daina wucewa. Masana'antu suna gwada kayansu kafin su fitar, amma ba kowane aibi gwajin ke kamawa ba. Wannan ne asalin garanti: alkawari ne daga kamfani cewa in aibin daga wajensa yake, shi zai ɗauki nauyin gyara, galibi na tsawon shekara ɗaya.

To amma ba kowace lalacewa ce laifin masana'anta ba, kuma a nan ne muhallinmu ya shigo. Ɗaliban nazarin halittu sun san cewa ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin sauye-sauyen sinadarai. Ƙa'idar da ke sa tuwo saurin lalacewa a bazara ita ce ke tsofar da batir. Kwamfutoci da yawa an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan kai digiri 40. Ƙurar hunturu kuma takan toshe hanyar iskar da 'yar fankar ciki ke hurawa. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo, kamar yadda ɗalibai suka saba, toshe mata hanci ne. Sai kuma wutar janareta mai hawa da sauka. Kamfanoni ba su cika karɓar na'urar da wuta ta ƙona, ko ruwa ya shiga, ko ta faɗi ba.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne gaggawa. Mutumin da ke Tudun Wada ko Doguwa yakan duba nisan hanya, ya ratsa dajin Falgore in daga can kudu yake, ya ɓullo Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, sannan ya miƙe zuwa Kano, ya lissafa kuɗin mota, sai ya ce bari mai gyaran waya na bakin tasha ya ɗan duba. Ban raina masu gyaran nan ba, cikinsu akwai gwanaye. Sai dai da zarar an kwance na'urar an sa mata ƙarfe mai zafi, mai shago ya sami hujjar cewa ba haka ya sayar da ita ba.

Abin da ya dace shi ne a fara shiri tun ranar saye. A karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar na'urar, wadda ake samu a ƙasanta da jikin kwalinta, a kuma tabbata lambobin sun yi daidai. Manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna da shafi a intanet inda ake shigar da lambar a ga ranar da garanti zai ƙare. A duba kafin a biya kuɗi, domin wata kwamfutar ta hannu ce aka goge aka mayar kwali, wata kuma don kasuwar Amurka ko Dubai aka yi ta, garantinta ba lalle ya yi aiki a Nijeriya ba. In matsala ta taso, a rubuta abin da ke faruwa da lokacin da yake faruwa, a ɗau hotonsa da waya, a kwashe muhimman takardu zuwa filashi idan na'urar na kunnuwa, saboda gyara kan share kome. Wajen miƙa ta kuma, a nemi takardar shaida da ta bayyana halin da aka karɓe ta.

Akwai kuma kariyar da ba a jikin kwali take ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi cikin wata uku, mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Saboda haka rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit, wai in kaya sun fita ba sa dawowa, ba ya soke wannan haƙƙi. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye, inda ake kai ƙorafi.

Shi ɗalibin nawa ya taki sa'a, bai bari kowa ya kwance ba, rasit ɗinsa kuma na cikin kwali. Mai shago ya fara da cewa wutar ƙauye ce ta ƙona ta. Da aka kai ta cibiyar gyara da kamfanin ya amince da ita, sai aka gano siririyar wayar da ke haɗa allo da uwar na'urar ce ta zo da aibi. Ya yi zuwa Kano sau uku, ya jira mako shida kafin kayan gyara su iso, kuɗin mota kuwa daga aljihunsa suka fita.