Kada abin da ka kwafa ya ɓace maka

Shekara uku ke nan ina buga takardun jarrabawa da shafukan Hausa na wannan mujalla a kwamfutar ofishin makarantarmu. A zangon bara na yanke tambayoyi goma sha biyu na nahawun aji huɗu, da niyyar mayar da su shafi na biyu. Kafin in liƙa su sai wani malami ya shigo, ya ce in kwafo masa sunan wata ɗaliba. Na kwafa, na yi ajiya, na rufe fayil ɗin. Da na dawo na danna Ctrl da V, sunan yarinyar kaɗai ya fito. Daren nan sai da na sake bugawa daga rubutun hannu, wasali bayan wasali.

Dalili shi ne, ma'ajiyar kwafi ta asali abu ɗaya take riƙewa, sabo ya shigo, tsoho ya fita. Amma tun 2018 Windows 10 yake da wata ma'ajiya mai faɗi, kuma tana cikin Windows 11. Ka danna maɓallin Windows tare da V. Karon farko zai nemi ka kunna ta. Daga nan za ta riƙa tara abubuwa 25 na ƙarshe da ka kwafa ko ka yanke, ka zaɓi wanda kake so. In an kashe kwamfutar, ko wuta ta ɗauke, duk suna gogewa, ban da wanda ka kafe da alamar ƙusa da ke gefensa. Ni na kafe sunan makaranta da Larabci, da layin "Suna, Aji, Rana" na saman kowace takarda.

A kula dai, kwamfutar ofis ta kowa ce. In ka kwafi kalmar sirrinka ko sakamakon wani yaro, wanda ya zauna bayanka zai gani. Kafin ka tashi, buɗe ma'ajiyar ka danna Clear all.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Da can nakan ajiye ɓ da ɗ da ƙ a wani fayil ina kwafowa ɗaya ɗaya, kuma wannan ɗabi'ar ce take cinye mini abin da na kwafa. Ashe kowane harafi yana da lambarsa. A Word, rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. Lambar ɓ 0253 ce, ta ɗ 0257. Manyan su ne 0181 da 018A da 0198. Har salatin Annabi da ake rubutawa a dunƙule, ﷺ, lambarsa FDFA. Akwai tarko ɗaya: waɗannan lambobin suna ɗauke da haruffa daga a zuwa f. Saboda haka in kana rubuta "baƙo", Word zai haɗa "ba" da lambar ya rikice. Sa U+ a gaban lambar, sai ya gane inda ta fara.

Ba wanda zai jure buga lamba a kowace kalma, shi ya sa na fi son ɗora harafin a kan maɓalli. Shiga Insert, sannan Symbol, sannan More Symbols. Zaɓi ƙ, danna Shortcut Key, danna maɓallan da kake so, sai Assign. Kada ka taɓa Ctrl da B, ko D, ko K, domin Word ya riga ya ba su aiki: kaurara rubutu, zaɓen fasalin haruffa, da saka mahaɗin intanet. Ni Alt nake haɗawa da su. Alt da Shift kuwa na bar su, tunda su ne ke sauya mana allon rubutu daga boko zuwa Larabci.

A wannan akwatin za ka ga Save changes in. Ka tabbata Normal ne a wurin. In ka zaɓi sunan fayil ɗin da kake ciki, gobe ka buɗe sabuwar takarda, Alt da K ba za su ba ka komai ba.